Majajjawa a Hannun Hagu

A zamanin da kowane tudu a ƙasar Italiya yake da sarkinsa da ganuwarsa da abokin gabarsa, an yi wani birni ana ce masa Santalba. Masu karatu sun rubuta labarin yaƙinsa da birnin Kastelmoro, suka cika takardu da sunayen sarakuna har da na dawakansu, suka tsallake sunan mutumin da ya ceci garin. Ba mantuwa suka yi ba, ƙyashi ne. To ga yadda abin ya faru. Wanda bai taɓa tsayawa a kan ganuwa kibiya tana shafar kunnensa ba, ya yi shiru ya saurara.

Mutumin nan Tebaldo ne, Sarkin Zanen Santalba. Ya haura saba'in, bai san ko harafi ɗaya ba, kuma ko a jikinsa. Annoba ta shiga gidansu ta kwashe mutum tara, ta bar shi. Sau biyu yana faɗowa daga kan katakon aiki, ya tashi ya karkaɗe riga ya koma. In ya zauna a bakin kasuwa yakan ce shi ya koya wa garin nan littafinsu, ba limamai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mutanen Kiristoci ne, littafinsu da harshen Latin aka rubuta shi, wanda manomi da maƙeri da mai wanki ba sa ji. A bangon babbar cocinsu suke karatu. Can Tebaldo ya zana musu jirgin Nuhu da dabbobi bibbiyu, da Yusuf a cikin rijiya 'yan'uwansa sun leƙo, da Yunusa a bakin kifi. Masu zane daga garuruwa masu nisa sukan zo su tsaya su saki baki, su koma gida su kwaikwaya, domin kafin shi mutanen bango tsaye suke ƙiƙam kamar turaku, shi ya fara sa musu tsoro da dariya a fuska.

Ba a busasshen bango yake aiki ba. Da safe sai ya yaɓa farar ƙasa daidai inda zai iya gamawa kafin faɗuwar rana, ya bi ta da launi tun tana ɗanya. Da ta bushe ta shanye launin ke nan, ba wanki ba kankara, sai dai a fasa bango. Kafin ya taɓa bangon kuwa, sai ya zana siffar a babbar takarda, ya bi layukan yana hudawa da allura, ya ɗora takardar a kan ɗanyen yaɓe, ya bubbuga ƙunshin garin gawayi a kai. Gawayin ya bi ta hudojin, ya bar masa sawun da zai bi.

Babban aikinsa shi ne labarin Dauda da Jaluta. A bayan mayaƙan ya zana ganuwar arewa ta Santalba, da Hasumiyar Shaho a tsakiyarta. To a jikin ganuwar nan akwai asirin garin. Taku arba'in daga hasumiyar, ta hannun daman wanda ya tsaya a waje yana fuskantarta, akwai tsohuwar Ƙofar Ruwa. An toshe ta da siririn dutse tun zamanin uban sarki, ta saje da ganuwa, ba idon da zai gane ta, amma gungumen itace zai ɓarke ta da duka uku. Tebaldo ya san ta tun tana buɗe, don haka ya zana ta a takarda. Madawaki Gerardo, shugaban mayaƙan garin, ya gani ya riƙe masa hannu, sai Tebaldo ya zana itacen ɓaure a wurin sa'ad da ya zo kan bango. Takardar kuwa aka naɗe aka sa a akwatin coci. Shekara biyu kafin yaƙi aka neme ta aka rasa. Tebaldo ya kai kuka fada, Waziri Lanfaranko ya ce fada ba wurin neman tsumma ba ne.

Wazirin nan yana da dalilin ƙinsa. Duk wanda ya shiga coci ya ɗaga kai, hancin Waziri yake gani a fuskar Jaluta, da lanƙwasarsa da tawadar da ke gefensa. Tebaldo ya ce shi dai ƙaton hanci ya nema don ƙaton mutum, ya zaga gari bai sami wanda ya fi wannan ba. Waziri ya zuga sarki aka tsayar da aikin, saura yaɓen wuni guda, wato kan Jaluta da Dauda zai riƙe a siffa ta ƙarshe. Shekara biyu Dauda yana tsaye da hannu a miƙe, yana riƙe da fili fari mai girman faifai.

Ana nan sai manzon Sarki Korrado na Kastelmoro ya iso da sulke a jikinsa, ya ƙi durƙusawa, ya ce ubangidansa yana neman mabuɗan gari kafin girbin inabi, in an hana shi kuwa zai shigo ta ƙofar da ba ta buƙatar mabuɗi. A makon nan shahunan da suka shekara ashirin suna sheƙa a kan hasumiya suka tashi ba su dawo ba. Mata suka fara ɗaure kaya. Kwana uku bayan haka Bonizo, falken gishiri da ke yi wa sarki leƙen asiri, ya dawo daga Kastelmoro a kan alfadarin da ya kusa mutuwa. Sarki Ansaldo na Santalba ya sa aka buga ƙararrawa, majalisa ta cika, aka aika dogarai suka kawo Tebaldo da farar ƙasa a gemunsa.

Bonizo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce mayaƙa dubu uku ya gani, da gungumen itace mai kan ƙarfe. Ya ce amma ba wannan ya fi tayar masa da hankali ba. Ya shiga sabuwar cocinsu, ya tarar da Dauda da Jaluta irin na Santalba sak, da ganuwa da hasumiya, sai dai inda ɓaure yake a nan, a can ƙofa ce. Ya ga jarumawan Korrado tsaye a gaban bangon suna auna tsakanin hasumiya da ƙofar da igiya.

Waziri ya miƙe, ya gyara alkyabba, ya ce: "Allah ya ja zamanin Sarki, Zakin Santalba, mai hasumiya bakwai. Shekara biyu nake cewa kada a bar asirin mulki a hannun wanda bai san bambancin rubutu da sawun kaza ba. Takarda ɗaya ce a duniya mai ɗauke da ƙofar nan, hannu ɗaya ne ya zana ta. Shahunan da suka gudu sun riga mu ganewa. Ina roƙon Sarki a sare hannun da ya sayar da mu, a shafe bangonsa da farar ƙasa tun daga Nuhu har Dauda, kada jikokinmu su yi ibada a ƙarƙashin aikin maci amana."

Abin haushi, ba wanda ya tsaya wa tsohon. Mutanen da Tebaldo ya zana wa fuskokin 'ya'yansu a jikin mala'iku suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Sarki ya dubi tsohon ya ce ko yana da magana kafin a zartar.

Tebaldo bai yi kuka ba, bai yi rantsuwa ba. Ya ce annoba ta dube shi ta kauda kai, ba zai fara rawar jiki don mai alkyabba ba. Ya roƙi izini ya yi wa Bonizo tambaya biyu, aka ba shi.

"Ɗana, da wane hannu Daudansu yake riƙe da majajjawa?"

Sai murmushi ya kuɓuce wa Bonizo. Ya ce da hagu ne, har 'yan kasuwar can suna tsokanar juna wai Daudansu bahago ne.

"Fuskar Jaluta fa? Ka gane mai ita?"

Bonizo ya saci kallon Waziri, ya ce a'a, wani ɗan guntun hanci ne da ita kamar na akuya, kuma kan bai zauna daidai a wuya ba, kamar aro aka yi.

Tsohon ya daɗe yana kallon Waziri. Ya juya ga sarki ya ce: "Ranka ya daɗe, hannuna bai taɓa zana Dauda bahago ba. Takarda mai huji fuska biyu gare ta. Gabanta santsi, bayanta kaushi, inda allura ta fito. Makaho ma zai gane da ɗan yatsa. Wanda ya yi musu aikin nan ya kife ta a bango, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. In majajjawa ta sauya hannu, ƙofa ma ta sauya gefe. Taku arba'in hagu da hasumiya za su kawo gungumensu, inda kaurin ganuwa ya kai kamu goma sha biyu."

Waziri ya yi dariya, ya ce yanzu kuma da tatsuniyar allura za a tsare gari. Ya ce mayaƙan Santalba ɗari shida ne kacal, hankali ya ce a jibge su duka a kan Ƙofar Ruwa da bayanta. Tebaldo ya ce in aka yi haka an gyara wa Korrado kuskurensa kyauta, domin da ya hango kwalkwali sun taru a dama zai san inda ake jin tsoro. Waziri ya ce tun yaushe mai yaɓe ya zama Madawaki. Tebaldo ya ce tun ranar da mai hanci ya zama Waziri. Dogari ya ɗaga sanda, sarki ya hana da ido.

Madawaki Gerardo, wanda bai cika magana ba, ya tambaya me ke gindin ganuwa ta waje a wancan gefen na hagu. Tebaldo ya ce ramukansa ne, guda goma sha ɗaya, inda yake jiƙa farar ƙasa ta shekara uku kafin ta isa hawa bango. Zurfin kowanne ya kai ƙirjin namiji. Samansu ya yi ɓawo, ganye da ciyawa sun rufe, sai ka rantse tudu ne, amma abin da ke ciki yana cin fata kamar wuta. Ya ce a cire shingen da ke kewaye da su kawai, sauran aikin a bar wa ramukan. Madawaki ya shafa gemu, ya ce wa sarki ya yi yaƙi tara, bai taɓa jin shawara mai kama da hauka irin wannan ba, kuma ita zai bi in an ba shi izini.

Sarki Ansaldo ya dubi Waziri, ya dubi Madawaki. Sa'an nan ya ce: "Mun ji Waziri, mun ji Madawaki. Za a bar Ƙofar Ruwa da mutum talatin, ba tuta ba kwalkwali. Kai kuma Sarkin Zane, za ka tsaya a kan hasumiya da hauni a gefenka. In gungumen Korrado ya nufi hagu, hannunka naka ne. In ya nufi dama, kafin ya taɓa dutse hannunka ya taɓa ƙasa, bangonka kuma ya koma fari."

Tebaldo ya ce ya yarda, a dai ba shi kujera, gwiwoyinsa sun tsufa ko da idonsa bai tsufa ba.

Rana ta huɗu da hantsi rundunar Kastelmoro ta bayyana a kan kwari, tutoci baƙaƙe, masu baka a gaba, masu tsani a baya, gungumen a tsakiya mutum sittin suna ɗauke da shi a ƙarƙashin rumfar fata. Tebaldo yana zaune a kan hasumiya, an ɗora hannunsa na dama a kan kututture, hauni yana tsaye da gatari. Waziri ya hau shi ma, wai don ya shaida hukunci, ya laɓe a bayan garkuwa biyu.

Rundunar ta miƙo sak kan hasumiya, ba ta karkata ko'ina ba. Taku ɗari biyu, taku ɗari. Kibau suka fara sauka kamar ƙanƙara, ɗaya ta tsaga hular tsohon, bai ko sunkuya ba. Masu faɗin cewa jarumtaka a bakin takobi kawai take, su zo su zauna da hannu a kan kututture su ga yadda ake ji. A gindin hasumiya wani jarumi mai farin doki ya tsaya, ya warware wata babbar takarda, ya duba ta, ya dubi ganuwa. Dokinsa ya yi taku biyu zuwa dama. Hauni ya ɗaga gatari. Waziri ya leƙo ya ce me ake jira. Tebaldo ya ce wa haunin ya dakata, dokin ne ke gudun ƙuda, mai shi bai gama karatu ba tukuna.

Jarumin ya naɗe takarda, ya ɗaga takobi, ya nuna hagu.

Suka ruga da gungumen suna ƙidaya taku da ƙarfi. A na talatin da biyar ƙasa ta buɗe. Na gaba suka nutse har ƙirji, gungumen ya faɗo a kan na tsakiya, na baya suka turo ba su san abin da ke faruwa ba. Farar ƙasa ta shiga sulke, ta shiga ido, ihu ya tashi har dawakai suka tsinke linzami. Waɗanda suka tsallake ramuka suka kai ga ganuwa da gatura, suka yi ta saran dutsen da ba kome a bayansa sai wani dutsen. Sai Madawaki ya buga ƙaho. Maharba ɗari biyu suka miƙe daga inda suke kwance a saman ganuwa, shi kuma ya fito ta ƙofar yamma da sauran mayaƙa ya bi ta bayansu. Kafin rana ta take tsaka, tutocin Kastelmoro suna cikin taɓo, Korrado ya tsere da abin da bai kai sulusin rundunarsa ba, jarumin mai farin doki kuwa yana ɗaure. Ƙofar Ruwa ko tsakuwa ba a jefa mata ba.

Da la'asar majalisa ta sake zama. Waziri ya riga kowa miƙewa, ya ce nasara daga Allah take da hikimar Sarki, amma kada murna ta mantar da mutane cewa har yanzu ba a san wanda ya fitar da takardar ba, kuma sa'a ba ta wanke mai laifi. Ka ji rashin kunya. Gari yana tsaye saboda tsohon nan, shi kuwa yana nan yana neman hannunsa.

Madawaki ya taso. Ya sa aka shimfiɗa takardar da aka ƙwace a tsakar fada. Tebaldo ya durƙusa ya shafa ta kamar mai shafa kan ɗansa da ya ɓata. Duk siffofin suna nan, sai abu ɗaya. An bi wuyan Jaluta da wuƙa an yanke kan, an bar rami. A kusurwar takardar kuma ga jan hatimi da layi biyu na rubutu. Tebaldo ya ce shi bai iya karatu ba, a taimaka masa. Ya miƙa wa Waziri. Waziri ya ƙi karɓa. Magatakarda ya karanta, rubutun ya ce kyauta ce daga Lanfaranko Wazirin Santalba zuwa ga jakadan Kastelmoro, alamar zumunci.

Aka shigo da jarumin da aka kama, ya ce haka ne. Shekara biyu da suka wuce, ana zaman lafiya, jakadansu ya nemi a ba su aron Tebaldo, tsohon ya ƙi. Waziri ya ce ba sai sun roƙi jahili ba, ga takardarsa, kowane mai zane zai iya abin da ya yi. Mai zanensu kuwa malami ne, ya yi karatu mai zurfi. Da ya ga hatimi da rubutu, ya ce ai babban mutum ba zai sa hatiminsa a bayan takarda ba, nan ne gabanta.

Tebaldo ya kama yatsan sarki da kansa, abin da ba a taɓa yi ba, ya goga shi a gefen hatimin. Kaushi ne.

"Ranka ya daɗe, masu karatu biyu ke nan, ɗaya ya ba da gari bai san ya bayar ba, ɗaya ya karɓa ya kife shi. Duk cikinsu ba wanda ya tuna yana da yatsa."

Waziri ya zube, ya ce bai san akwai ƙofa a ciki ba, shi fuskarsa kawai ya duba ya yanke. Sarki ya ce wannan ya yarda da shi, kuma shi ne babban laifin. Ya ce Waziri ya san daga hannunsa ƙofar ta fita tun ranar da Bonizo ya dawo, amma ya tsaya a gaban majalisa ya nemi hannun wani. Aka tuɓe masa alkyabba, aka karɓe hatimi. Sarki ya ce hukuncin da ya nema wa Sarkin Zane shi ya dace da shi, amma wanda aka zalunta shi zai zaɓa.

Tebaldo ya ce me zai yi da hannun da bai iya komai ba. Ya ce Dauda ya shekara biyu da hannu a miƙe, ya gaji. A ba shi Lanfaranko wuni guda.

Washegari da sassafe ya yaɓa farar ƙasa a filin nan mai girman faifai. Aka durƙusar da tsohon Waziri a kan katakon aiki, gari duka ya cika coci har bakin ƙofa. Tebaldo ya ce ya rufe ido, ya saki baki, ya karkatar da kai kamar wanda aka riƙe ta gashi. Duk sa'ad da ya motsa, Tebaldo ya ce a tsaya da kyau, yaɓe ba ya jiran manya. Bai yi amfani da takarda ba, da ido ya yi, bai rage ko tawadar ba. Kafin rana ta faɗi bango ya shanye fuskar.

Lanfaranko ya bar garin kafin girbin inabi, ya nufi kudu inda ba a san shi ba. Amma labarin yaƙin ya riga ya ja masu zane zuwa Santalba fiye da da, kowa ya zo ya kwaikwayi Dauda da kan da ke hannunsa. Aka ce duk garin da Lanfaranko ya sauka, in ya shiga coci ya ɗaga kai, hancinsa ya riga shi isa.